Wa Ke Yanke Wa Jiki Hukunci? Darasi Daga Rayuwar Mawaƙiya Mandisa

Mai karatu, in kana da littattafan soyayya a ɗakinka, ɗauko guda goma ka buɗe shafin da aka fara siffanta tauraruwar labarin. Ka san abin da za ka tarar tun kafin ka buɗe. Fara ce sol, doguwa, hanci har baka, idanu dara-dara, gashi har gadon baya, ba ta da ƙiba kuma ba za a kira ta siririya ba. In ka ga gajera, baƙa, mai jiki a cikin labarin, to ko dai 'yar aiki ce, ko muguwar kishiya, ko ƙawar da aka ajiye don a riƙa dariya. Haka abin yake a finafinanmu, haka yake a na Indiya da muka taso muna kallo, haka kuma a na Amurka. To yarinyar da ta gama karanta littafin nan ta tashi ta tsaya gaban madubi fa, me madubin zai gaya mata? Kuma in maganarsa ta saɓa da abin da addininta ya koya mata game da darajar ɗan Adam, wa za ta gaskata?

Akwai wata mawaƙiya Kirista, baƙar fatar Amurka, wadda ta yi kokawa da wannan tambaya a gaban miliyoyin jama'a har ƙarshen rayuwarta. Sunanta Mandisa Hundley, amma da Mandisa kawai duniya ta san ta. An haife ta ran 2 ga Oktoba, 1976 a Jihar Kalifoniya. Ta karanta fannin kiɗa da waƙa a Jami'ar Fisk da ke Nashville, tsohuwar jami'ar baƙar fata da aka kafa a 1866, har ta shiga ƙungiyar mawaƙanta mai tarihi, wato Fisk Jubilee Singers. Allah ya ba ta murya, ya kuma ba ta jiki. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa an ci zarafinta tana ƙarama, an yi mata fyaɗe tana budurwa, kuma tun daga nan abinci ya zame mata maɓoya. In ranta ya ɓaci sai ta ci, in ta ci ta ƙara nauyi, in ta ƙara nauyi ranta ya ƙara ɓaci.

A shekarar 2006 aka nuna zagaye na biyar na gasar waƙa ta American Idol, shirin da a lokacin mutum wajen miliyan 30 ke kallo a Amurka. Mandisa ta je gwajin murya a birnin Shikago, gaban alƙalai uku: Randy Jackson da Paula Abdul da wani Baturen Ingila mai suna Simon Cowell, wanda ya yi suna wajen kaifin harshe. Ta yi waƙa, suka yaba, suka ce ta wuce. Tana fita daga ɗakin sai Cowell ya juya ya tambayi abokan aikinsa ko bana an ƙara wa dandamalin faɗi. Da Paula ta kwatanta muryarta da ta wata tsohuwar 'yar takara da ake kira Frenchie, sai ya ce ai da ƙasar Faransa ɗungurungum ya kamata a kwatanta ta. Mandisa ba ta ji wannan a lokacin ba. Sai ranar da aka nuna shirin a talabijin, tana zaune da ƙawayenta ana murna, sannan ta ji tare da sauran mutanen ƙasa.

Ka ɗan tsaya ka auna wannan. Ranar da ta fi kowace rana muhimmanci a sana'arta, an manta da muryar da ta shekara da shekaru tana gogewa, an koma ana maganar faɗin jikinta. Magana zarar bunu ce, kuma wannan an zare ta ne a gaban mutum miliyan talatin.

Da aka sake haɗa su, a ranar da ake tantance mutum 24 da za su ci gaba, Mandisa ta dubi Cowell ido da ido. Ta gaya masa cewa ya ɓata mata rai, ta yi kuka, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Sannan ta ce ta yafe masa, kuma ba sai mutum ya nemi gafara ake yafe masa ba. Dalilinta shi ne, a aƙidarta ta Kirista an yafe mata nata laifuffukan ta hanyar Yesu, don haka ba ta ga hujjar da za ta hana wani abin da aka ba ta kyauta ba. Cowell, wanda ba a saba ganin ya risina ba, ya ce jikinsa ya yi sanyi, ya ba ta haƙuri, ya rungume ta. A ƙarshe ta zo ta tara a gasar. A 2007 ta fitar da kundin waƙoƙinta na farko, True Beauty, wanda ya hau matakin farko a jerin waƙoƙin Kirista na Amurka, ta kuma rubuta littafi a kan imani da ƙiba da ɗaukaka.

Na san wani zai ce ai ita Kirista ce, aƙidarmu ba ɗaya ba. Gaskiya ne, Musulmi bai yarda da batun gicciye da fansa ba, kuma babu amfanin a ɓoye wannan bambanci. Amma tambayar da ta fuskanta ba ta da coci ba ta da masallaci: daga ina darajar mutum take fitowa? Amsa biyu ce a gabanka. Ta farko, daga idon mutane. In ka ɗauki wannan, to darajarka ta zama kamar farashin tumatir a kasuwa, yau ta hau gobe ta faɗi. Ka duba ma yadda idon mutanen ba shi da tsayayyiyar magana. A Amurka mace na kashe kanta da yunwa don ta rame, a nan wajenmu siririya na shan ƙwayar da ake wa kirari da "sha ka fashe" don ta yi ƙiba. Baturiya na kwanciya cikin rana don fatarta ta yi duhu, 'yar'uwarmu na shafa mai don tata ta yi haske. Alƙalin da hukuncinsa ke canzawa daga gari zuwa gari, yaya za ka ba shi amanar rayuwarka?

Amsa ta biyu ita ce darajar mutum daga wanda ya halicce shi take. Kirista ya yi imani an halicci ɗan Adam cikin kamanni mai daraja daga Ubangiji, Musulmi ya yi imani Allah ya karrama ɗan Adam, ya kuma kyautata halittarsa. Duk wanda ya riƙe wannan da gaske, ya ɗauke shari'ar jikinsa daga kotun mutane ya mayar da ita wata kotun da ba a ba da cin hanci. Dogon hanci ba shi da lada a can, gajarta ba ta da zunubi. Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta, kuma ba ita ta zana kanta ba. Shi ya sa mai yi wa halitta dariya yake cikin haɗarin da bai sani ba, don in ka kushe gini ai magini ka taɓa. Wanda ya raina tsayuwar wata, an ce ya hau ya gyara.

A nan ne yafiyar da Mandisa ta yi take da alaƙa da madubi. Wataƙila ka ɗauka abubuwa biyu ne daban, yafe wa Cowell da yarda da jikinta. Abu ɗaya ne. Muddin kana riƙe da wanda ya zage ka a zuci, to kullum sai ka sake jin zagin, kullum kana gardama da shi a ranka, kana neman ranar da za ka nuna masa ƙarya yake. Ka naɗa shi alƙali ke nan ba ka sani ba. Mace nawa ce ke shafa mai yau saboda kalma ɗaya da wani saurayi ya gaya mata shekara goma da suka wuce, shi ya manta, ya yi aure, ita tana nan tana ba shi amsa da fatarta? Wanda ya yafe ya sauke mai zagin daga kujerar alƙalanci.

Amma kada ka fahimci yafiya a matsayin shiru. Akwai masu cewa irin wannan yafiya tana ɗaure wa masu baƙin baki gindi, tunda sun san za a yafe. Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, musamman da yake gidan talabijin ɗin ya ci riba sau biyu, ya sayar da zagin, ya dawo ya sayar da yafiyar. Sai dai ka lura da yadda ta jero maganarta. Ta fara da faɗa masa laifinsa ƙarara a gaban duniya, ba ta ce ba komai ba, ba ta yi murmushin ƙarya ba. Da ta zage shi, da an ce mai zagi ya gamu da mai zagi, an tafa, an wuce. Da ta yi shiru, da an ce ba ta ji zafi ba. Hanyar da ta bi ce kaɗai ta bar shi tsaye shi da abin da ya aikata, babu inda zai laɓe.

Da a littafin soyayya ne, a nan marubuci zai rubuta "alhamdu lillahi" ya rufe. Rayuwa kuwa ta ci gaba. Mandisa ta shiga yaƙi da ƙiba, da motsa jiki da gyaran cima da ganin ƙwararru, har ta rage sama da fam 100, wato fiye da kilo 45. A 2013 ta fitar da kundin Overcomer, ma'ana wanda ya yi nasara a kan wahala, kuma a farkon 2014 kundin ya ci lambar Grammy, babbar lambar mawaƙa ta Amurka. Ka san wani abu? Ba ta je bikin ba. Cikin dalilan da ta bayar har da cewa ta gaji da yadda mutane ke bin kayan jikinta da surarta da ƙwaƙƙwafi. Shekara takwas bayan ta yafe wa Cowell, tabon yana nan.

A 2014 ɗin nan aminiyarta ta mutu da ciwon sankarar mama. Matar tana da ciki aka gano ciwon, ta haihu lafiya, bayan kamar shekara guda ta cika. Ita ce aka yi waƙar Overcomer dominta, kuma Mandisa ta sakankance addu'a za ta tashe ta. Da ba ta tashi ba, sai Mandisa ta yi fushi da Ubangijinta, kamar yadda ta faɗa daga baya. Ta kulle kanta a gida wajen shekara uku, ba ta ɗaukar waya, ba ta buɗe ƙofa, sai ci da kallon talabijin. Duk nauyin da ta rage ya dawo har da ƙari. Ta kai ga tunanin kashe kanta. Wata rana ta fito daga gidan silima sai ta tarar an lulluɓe motarta da 'yan ƙananan takardu na saƙon ƙauna, ga abokanta tsaye suna jiranta. Su suka matsa mata ta koma ganin ƙwararru a kan ciwon damuwa. A 2017 ta fito ta ba duniya wannan labari, ta fitar da kundin Out of the Dark, a 2022 kuma ta rubuta littafi mai wannan suna. Ran 18 ga Afrilu, 2024 aka tarar da gawarta a gidanta da ke Franklin a Jihar Tennessee, tana da shekara 47. Binciken likitoci ya nuna matsalolin matsananciyar ƙiba ne sanadi.

To, mai karatu, ga tambaya mai nauyi. Matar da ta yi shekaru tana gaya wa mata cewa imani ya 'yantar da ita daga ƙin jikinta, ga shi jikin ne ya zama ajalinta. Shin imanin ya gaza ke nan?

Mutum biyu za su yi saurin amsawa, kuma duka biyun za su zalunce ta. Na farko zai ce ai dama lallashin kai ne, addini ya ba ta kalmomi masu daɗi ta rufe ido da su har ciwo ya cinye ta. Wannan bai san tarihinta ba. Mandisa ba ta taɓa cewa ƙibarta ba matsala ba ce, ita ce ma ta kira abin da sunansa, ta ce ta kamu da jarabar ci kamar yadda wani ke kamuwa da ta ƙwaya, ta kuma yi ta faɗi-tashi da shi kusan shekara ashirin. Na biyu zai ce da imaninta ya yi ƙarfi da ta warke. Wannan kuma ya fi na farkon mugunta, don ya mayar da ciwo shaidar raunin imani. In haka ne, ashe duk mai ciwon suga ko hawan jini da ke sahun gaba a wurin ibada munafuki ne.

Abin da su biyun suka kasa rabewa shi ne daraja daban, lafiya daban. Ƙiba mai tsanani ciwo ce da likitoci ke da ma'auninta. Ana raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita da aka ninka da kansa, in lissafin ya kai 40 ko ya wuce, an shiga mataki na uku, wanda shi aka rubuta a rahoton mutuwar Mandisa. Kuma jiki ba ya sakin nauyi cikin sauƙi. In mutum ya rame da yawa, jikinsa kan ɗauka fari aka shiga, sai ya rage yawan abin da yake ƙonawa, ya ƙara masa jin yunwa. A 2016 wani bincike da Kevin Hall na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka ya jagoranta ya bi sawun mutum 14 da suka rage nauyi sosai a gasar talabijin ta The Biggest Loser. Bayan shekara shida, 13 daga cikinsu nauyi ya dawo musu, huɗu ma sun fi yadda suke a da. Ka ga ashe abin ya wuce a ce wa mutum "ka rage ci mana". Ka haɗa wannan da tabon fyaɗe da ciwon damuwa, sannan ka gaya mani wa ya isa ya yi mata gori.

Imani bai yi mata alƙawarin siririn jiki ba, kuma babu addinin da ya yi wa kowa wannan alƙawari. Abin da ya ba ta shi ne dalilin tsayuwa gaban kyamara da jikin da aka yi wa dariya, ta buɗe baki ta yi waƙa. Ya ba ta jama'ar da suka biyo ta har bakin silima lokacin da ta yanke ƙauna. Ya ba ta ƙarfin faɗin gaskiya a kan ciwon damuwa a cikin al'ummar da, kamar tamu, ake ganin mai addini bai kamata ya yi irin wannan ciwo ba. Daga lokacin da ta yi tunanin kashe kanta zuwa ranar da ajali ya zo, ta samu shekaru tana aiki, tana rubutu, tana jawo wasu daga ramin da ta fito. In wannan ba nasara ba ce a wurinka, to kalmar nasara ce ka ba ma'anar fim, inda ake kashe bos sau ɗaya a rubuta "ƙarshe". Irin wannan yaƙi kullum safiya ake sake shi.

Saura tambayar da na san tana ranki, ke 'yar'uwa mai karatu. In yarda da halitta wajibi ne, me ya sa ita ta nemi ta rage jiki, ni kuma a ce kada in gyara nawa? Ma'aunin mai sauƙi ne. Jiki amana ne, kuma lafiya uwar jiki ce. Ki tambayi kanki, abin da zan yi zai ƙara wa amanar nan lafiya ne, ko zai ci lafiyarta don in tsira daga bakin mutane? Wadda ta rage nauyi don zuciyarta da gwiwoyinta su huta, ta kula da amana. Wadda ta yi kitso da lalle da kwalli, ta yi ado, babu mai ce mata don me. Amma man bilicin da ake haɗawa da sinadarin makuri ko magungunan sitiroyid yana sa fata ta yi laushi ta riƙa tsagewa, yana iya taɓa ƙoda. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake sha ba da izinin likita ba suna jawo hawan jini da ciwon suga. Baƙar fata ba ciwo ba ce balle a nemo mata magani, haka gajarta, haka faɗin hanci. Mai biyan lafiyarta don ta sayi yabon mutane ta yi cinikin asara, don mutanen da ta yi dominsu su ne za su fara nuna ta da baki ran da fuskar ta ƙone.

Kai kuma ɗan'uwa, kada ka ɗauka wa'azin na mata ne. Mun iya ce wa wanda aka yi wa dariya ya yi haƙuri, ya dogara ga Allah, alhali mu ne masu dariyar. Nauyin imani a wannan batu ya fi hawa kan mai baki fiye da mai jiki. Malamai sun ruwaito cewa wata rana Abdullahi ɗan Mas'udu ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska ta buɗe ƙwaurinsa, sahabbai suka yi dariyar sirantarsu. Manzon Allah (SAW) bai ce wa ɗan Mas'udu ya yi haƙuri ba. Masu dariyar ya juya wa, ya sanar da su cewa waɗannan ƙafafu sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Gyaran a wajen masu kallo aka yi shi.

Cowell ba shi kaɗai ya yi laifi ba, ya faɗi abin da ya san masu kallo za su saya ne. Haka marubucin da bai taɓa ba baƙar yarinya matsayin tauraruwa ba, da daraktan da in ya ga mai jiki sai ya ce ga 'yar barkwanci ta samu, da furodusan da ke ce wa sabuwar 'yar wasa ta je ta "ɗan gyara fata" kafin a sa ta a fosta, duk kasuwa suke bi, kuma kai ne kasuwar. Marubutanmu suna da alƙalamin da zai iya sa mai karatu ya ƙaunaci gajera, baƙa, mai jiki har ya yi mata kuka, in sun ga dama. Ranar da ka fara tambayar mai littafi da mai fim ina irin ƙanwarka da irin mahaifiyarka a cikin labaransu, za su fara rubuta su.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunka yau. A gidanku akwai yarinyar da aka laƙaba wa suna saboda jikinta, ana kiranta da shi har an manta sunanta na yanka, tana dariya tare da ku don ba ta da yadda za ta yi. Ka daina kiranta da shi, ka hana a kira ta. Allah ya ba mu lafiya, ya kuma tsare mana harsunanmu.